Falle Biyu da Gara ta Ci

Duk shekara idan an turo mana sababbin malamai, nakan saci kallon fuskar wanda aka ce shi zai riƙe ajin tallafi. Yakan yi murmushi irin na wanda aka ba hutu. A ransa ya gama tsara komai: ɗalibai ne manya, sun riga sun ci bak, jarrabawar gama sakandare, ba sa ihu ba sa tsalle a kan tebur, abin da za a koya musu kuwa raba lamba ne da karanta tambaya, abin da ɗan firamare ya sani. To, ku gyara zama. Ni ma da wannan murmushin na shigo, kuma Madam Saratu ba ta bari na kai Juma'a da shi ba.

Makarantarmu ta koyon aikin jinya ce, a nan cikin Damagaram. Ajin tallafi shi ne inda ake kai wanda ya samu shiga amma ƙafarsa ba ta tsaya ba a lissafi ko rubutu. Ɗalibai ba su taɓa kiransa da sunansa ba. Gareji suke cewa, wai nan ake tura motar da ta ƙi tashi. Ni kuma suka maƙala mini bakanike, har ƴan kabu-kabu, masu babur ɗin hayar unguwar Zango, da ban taɓa koya wa ko baƙi ɗaya ba, da shi suke gaishe ni. Sunana Lawali, amma kun ga ko ku ba ku sani ba sai yau.

Madam Saratu ita ta kafa ajin. Kirista ce, gajeriya, tabaraunta na rataye da igiya a wuya, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ranar farko ta miƙo mini takardun jarrabawa guda talatin ta ce in duba. Na zaro jan bik, wato biro, kafin awa ɗaya na gama yi musu jina-jina, na kai mata ina jiran yabo. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da takardu a cukurkuɗe, irin buruyon ɗin nan da ɗalibi ke gwada lissafinsa a kai kafin ya jefar.

Ta ce, "Lawali, wancan da ka gyara, abin da suke so ka gani ne. Wannan da suka yar, shi ne abin da ke cikin kansu. Warware su ɗaya-ɗaya, ka gaya mini inda kowa ya ɓata hanya."

Kwana huɗu na yi a kan kwalin nan. Abin da na gani ya ba ni tsoro, ya kuma ba ni mamakin da har yau bai sake ni ba. Mutum talatin sun faɗi tambaya ɗaya, amma babu biyu da suka faɗi a wuri guda. Wani ya san komai, garaje ne kawai ya sa bai karanta tambayar har ƙarshe ba. Wata ta tsaya cak tun a wani abu na ajin ƙarshe na firamare, ta ɗora shekara bakwai na karatu a kai, kuma ginin bai rushe ba sai yanzu. Ban san kan ɗan Adam yana iya ɗaukar irin wannan kaya a kan ƙafa ɗaya ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Fensir, don Madam ta ƙwace jan bik ɗina ta kulle a akwati. Kwalin buruyon. Sirinji marasa allura da kwalbar ruwan zoɓo, saboda wanda mililita biyar ba ta shiga kansa a allo, idan ya ja ta da hannunsa ya ga jan ruwa ya tsaya a layi, shi ke nan ta zauna. Sai kujera ɗaya da ake ajiyewa a gefen ɗalibi, ba a gabansa ba. Kuma akwai tambaya guda da aka haramta mana: "Kun gane?" Duk wanda ya taso a ƙasar nan ya san ba a gaya wa malam cewa bayaninsa bai shiga ba, rashin kunya ne. Ka tambayi aji kun gane, za su amsa maka "I, Mushe" da murya ɗaya, har wanda ke barci. Mushe shi ne malam a bakin ƴan makarantarmu. In na manta na yi tambayar, sai in ji Madam ta yi tari daga bayan aji, tarin da ba na mura ba.

A lokacin, ƙa'idar ita ce duk wanda ya faɗi gwajin shiga sai ya yi shekara guda cur a gareji kafin ya taɓa darasin jinya. Na yi imani da wannan ƙa'ida kamar ni na rubuta ta. Sai aka yi wata shekara da yajin aiki ya cinye rabin karatun lise, wato babbar sakandare. Yara suka zo mana da takardar bak a hannu, kai kuma fayau. Gareji ya cika har ana zama a taga. Na koyar a shekarar nan kamar ba zan sake ba, amma kafin zafi ya shigo kujeru suka fara yin fili. Wannan ya tafi Kano wajen kawunsa, wancan ya koma gona a Mirriya, wata an ce ta buɗe teburin sayar da katin waya. Sun zo ne su sa farar riga su tsaya a kan marar lafiya, muka zaunar da su wata tara suna raba lamba. Madam ta riga ta yi ritaya, na je gaishe ta ina ba ta labarin yadda waɗanda suka tsaya suka ƙware.

Ta ce, "Madalla da waɗanda suka tsaya. Sauran fa, ɗana?"

Na ji haushin tambayar. Na shanye ruwan da aka kawo mini na yi sallama.

Bayan wasu shekaru aka kawo sabuwar darakta, Dokta Mariama, likita ce, kuma a haife na kusa haifarta. Ta tara mu ta ce an daina shekarar jira. Kowa zai shiga ajin farko kai tsaye, tallafi kuma ya bi shi a gefe. Abin da aka koyar da safe a darasin magunguna, shi ɗin dai zan warware da yamma da waɗanda ya yi wa nauyi. Za a gwada na shekara ɗaya a gani. Na miƙe tsaye, abin da ban saba yi a taro ba.

Na ce, "Dokta, wanda bai iya raba ashirin gida biyu da rabi ba, shi za ki miƙa wa sirinji? Kuskuren lissafi a lakwal, cikin aji, sifili ne. A asibiti gawar yaro ce."

Ta ce, "Gaskiyarka, Mushe Lawali. Shi ya sa ba wanda zai wuce gwajin auna magani sai ya ci shi tsaf. Amma ina so ya koya yana ganin abin da ake koyon dominsa."

Har yau ban ce tsorona ba shi da tushe ba. Laifina shi ne na shiga shekarar ina neman hujjar da zan kai mata, kuma ban daɗe ba na samu abin da na ɗauka hujja ce.

Zainabu ta girmi kowa a ajin. Shekara goma ta yi tana taimakon majo, wato babban ma'aikacin jinya, a wani ƙaramin asibitin ƙauye can bayan Takieta. Tana goyo tana aiki ta zauna bak har ta ci. An ba ta izinin shekara uku daidai ta yi karatu ta koma, ba ƙarin ko wata ɗaya. A tsohuwar ƙa'ida da ba ta ma zo ba, don gwajin shiga ta faɗi shi warwas, shekarar jira kuma ba ta da ita. A aji ba ta magana. Idan na sa lissafi mai waƙafi a allo, irin su biyu da rabi, sai ta kwafe tambayar da kyakkyawan rubutu ta ajiye bik.

Ranar gwajin auna magani na farko, tambaya goma na ba su. Da na zo kan takardarta sai na ga amsa goma, duka daidai, babu layin aiki ko ɗaya. Lamba kawai, tsirara. Na duba kwalin buruyon, babu nata. Na tuna kuma a gefen wani yaro ɗan Zango ta zauna, wanda lissafi ke bi kamar ruwa. Ban tsaya dogon tunani ba. Na kira ta gaban aji.

Na ce, "Zainabu, wannan amsar daga ina?"

Ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Kin leƙa takardar maƙwabcinki ko ba ki leƙa ba?"

Ta ce, "To, Mushe."

Na ɗauki wannan a matsayin amsa laifi. A makarantarmu satar amsa a gwajin magani kora ce, ba roƙo. Ranar Alhamis na rubuta rahoto na kai ofishin darakta, aka sa zaman kwamiti ranar Talata. Ba zan ɓoye muku ba, na fito ofishin nan ina jin na yi nasara.

Ranar Juma'a ina jera sauran takardun, sai tsohuwar al'ada ta motsa, na koma kan buruyon. Na ga wasu ɗalibai uku da suka yi abu iri ɗaya, abin da na gaya muku ba ya faruwa. Ninkawa da waƙafi sun yi ta tsaf. Da aka zo rabawa, ukun duka sun kwafe tambaya sun tsaya, ba su ma gwada ba. Na buɗe takardunsu na shiga makaranta. Kwalej ɗaya suka yi, wato ƙaramar sakandare, a wani gari bayan Takieta. Na jawo na Zainabu. Ita ma can ta yi, shekaru da yawa kafin su. Na kira ɗaya daga cikin ukun na ce wa ya koya musu lissafi.

Ya ce, "Kayen Mushe Abdu ne, Mushe."

Na ce, "Mushe Abdun nake tambaya, ba littafinsa ba."

Ya ce, "Ai ya rasu tun ba mu shiga ba. Kayensa ake kwafe mana a tablo."

Asabar da sassafe na shiga motar Takieta, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Shugaban kwalej ɗin dattijo ne mai kirki, malamin tarihi. Ya ce tun rasuwar Mushe Abdu, wanda ko su Zainabu ba su tarar da shi ba, in an turo malamin lissafi ba ya daɗewa, shekarar da babu kowa kuma sai a ɗauko littafin darasin marigayin, wani malami ya kwafe a allo, yara su kwafe a nasu. Ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauko shi da hannu biyu, a naɗe cikin ƙyalle. Ban taɓa ganin littafin malami mai kyau irin wannan ba. Kowane darasi da misalinsa, kowane misali da abin da yaro ya sani, buhun gero, igiyar rijiya, tafiyar jaki. Mutumin nan da ban taɓa gani ba ya fi ni iya koyarwa, kuma yana kabari yana ci gaba da riƙe aji.

Na yi ta buɗawa har na zo ƙarshen ninkawa da waƙafi. Shafi na gaba sai ga wani babi daban. Na karkata littafin wajen haske. A tsakiya, jikin zaren ɗinki, ga ɗan guntun takarda mai baki cako-cako. Falle biyu gara ta cinye, kuma ta cinye su tas, har ba a lura. Darasin rabawa da waƙafi gaba ɗayansa yana cikin waɗannan biyun.

Dattijon ya dafe kai ya ce, "Innalillahi. Wallahi mun ɗauka haka Mushe ya tsara. Wa zai ce littafin Mushe Abdu da giɓi?"

A mota ina dawowa tambaya ɗaya ta hana ni sakat. Idan ba a taɓa koya wa Zainabu rabawa da waƙafi ba, kuma idan ba sata ta yi ba, to ta ina goma ta fito?

Litinin na kira ta ita kaɗai. Na jawo kujera na zauna a gefenta. Na ce na je garinsu, na ga littafin, na ga inda ya yanke. Na ce ina neman alfarma ta nuna mini buruyon ɗinta. Sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da wata ƴar takarda da aka ninke har ta koma kamar laya. Lambobi ne ƙanana a jere, layi biyu-biyu.

Na ce, "Karanta mini ta farko. Kowace mililita tana ɗauke da miligiram biyu da rabi, likita ya rubuta ashirin."

Ta ce, "Biyu da rabi, ɗaya ke nan. In na ninka, biyar, biyu. Goma, huɗu. Ashirin, takwas. Mililita takwas, Mushe."

"In ya rubuta sha bakwai da rabi fa?"

"Sai in tsinto cikin waɗanda na jera. Goma da biyar da biyu da rabi. Huɗu da biyu da ɗaya. Bakwai."

Ba ta raba komai ba. Ninkawa kawai aka bar mata, sai ta gina hanyarta da ita, tsani-tsani, har ta isa inda rabawa ke kai mutum. Ta ce a asibitinsu majo yakan faɗi adadin magani ya wuce wajen wani marar lafiya, ita kuma tana tsoron ta kashe ɗan mutane, shi ne ta zauna ta yi ta gwadawa a bayan kwalin magani har ta samu abin da kullum yake dacewa da nasa.

Na ce, "To me ya hana ki rubuta haka a takardar jarrabawa?"

Ta ce, "Ai ba ta lakwal ba ce, Mushe. Ta ƴan ƙauye ce. Na ji kunya a gani."

"Da na ce kin yi sata fa, me ya sa ba ki musa ba?"

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce, "Gaban aji, Mushe? In ƙaryata ka?"

Shekara ashirin ina gargaɗin sababbin malamai a kan wannan, ga shi ni na faɗa ciki har wuya. Ta gwammace a kore ta, izininta ya tashi a banza, garinsu ya ci gaba da jira, da ta ce malaminta ya yi kuskure a gaban yara.

Talata na shiga kwamiti na ce na janye rahotona, na faɗi dalili ba tare da na rage komai ba. Dokta Mariama ba ta yi mini dariya ba, ko da yake ta samu dama. Ta ce rahoto ya riga ya shiga, sai an gwada a gabanta. Aka kira Zainabu, aka ba ta alli. Dokta ta zaɓi mai wuya da gangan: kowace mililita sifili waƙafi huɗu, ana son ɗaya waƙafi huɗu. Ta zaro wayarta tana latsawa. Zainabu ta jera tsaninta, ta ninka sau ɗaya, ta koma ta raba na farko biyu. Ta ce, "Uku da rabi, Dokta." Dokta ta dubi waya, ta dubi allo, ta ba ta wata, ta sake ba ta wata. A ta biyar ta ajiye wayar ta tashi ta zo gaban allon ta tsaya tana kallo, hannu a baki.

Ta ce, "Yaya Zainabu, wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Ba kowa, Dokta. Tsoro ne."

Aka yaga rahoton. Rabawa irin ta littafi kuwa, a sati biyu ta kama ta, don wanda ya riga ya san inda za shi ba ya wahalar nuna wa hanya. Sauran ukun ma haka, da na san ainihin abin da suka rasa. Da a tsohon tsari ne, wata tara zan zaunar da su ina maimaita musu abin da suka sani, saboda darasi ɗaya.

Sabon tsarin ya zauna, kuma kada ku ji an ce sauƙi ne. Ya fi na da wuya nesa ba kusa ba. Dole ka san abin da aka koyar da safe, dole ka gano giɓin mutum cikin kwanaki, ba ka da shekara. Wasu har yanzu suna faɗuwa. Ku kuma ƴan zamani kuna ce mini waya za ta karɓe aikin nan, tunda tana ba da amsa kafin ka rufe baki. Ku yi amfani da ita, ni ma ina yi. Amma in ɗalibi ya kwafe tambaya ya ajiye bik, sai wani ya zauna kusa da shi ya gano dalili, in ta kama ya shiga motar Takieta.

Ana gobe hutun farko, Zainabu ta same ni a aji da fararen takardu da allura da zare a cikin leda. Ta ce tana so in rubuta mata abin da gara ta ci, za ta kai wa shugaban kwalej ta ɗinke a wurinsa. Na ce ta dawo da yamma. Na zauna na rubuta falle biyun nan da kulawar da ban taɓa ba wani rubutu ba, ina ƙoƙarin kada in ji kunya a gefen Mushe Abdu. Sannan na ƙara na uku. Na jera tsaninta da misalai, na rubuta sunanta a sama.

Da ta zo ta ƙirga ta ce, "Mushe, biyu gara ta ci. Ga uku."

Na ce, "Na ukun naki ne. Yaran garinku su san akwai hanya biyu, kuma ɗaya ƴar garinsu ce ta fitar."

Ta ce in rufa mata asiri in cire sunan. Na ce ba zan cire ba. Ta tsaya tana karantawa a hankali, yatsanta na bin layi. Sai yatsan ya tsaya. Ta buɗe baki ta rufe. Ta dubi ƙofa, ta dubi takardar.

Ta ce, "Mushe, ka yi haƙuri. Layi na huɗu ba daidai ba ne. Ka ninka inda ya kamata ka raba biyu. In yaro ya bi wannan, maganin zai yi yawa."

Na karɓa na duba. Gaskiyarta ce. Na jawo sabon falle, na ce ta faɗa mini in rubuta, ta tsaya a kaina tana faɗa ina rubutawa.